Hutun da Muka Kai Kaka Kumasi

Da safen nan maƙwabcinmu yake ɗaure kaya a kan motarsa. Malami ne a kwalejin kimiyya ta nan Kaura, mutumin kudu, kuma duk shekara in Kirsimeti ta matso yakan kwashi iyalinsa su tafi gida. Ina tsakar gida ina tankaɗe sai na ji zakara ya yi cara daga cikin kwandon da suka ɗora bisa buhun albasa, irin carar zakaran da aka takure, wadda ba ta fitowa duka. Na ajiye rariya. Kwana biyu cur na taɓa yi ina jin irin wannan carar a ƙarƙashin kujerar jirgin ƙasa, ina 'yar shekara goma sha ɗaya, a tafiya ɗaya tilo da na taɓa yi zuwa wata ƙasa.

Babanmu ma'aikacin reluwe ne, cikin masu bin layi da guduma suna duba ƙusoshi. Gidanmu yana bayan tasha, daidai inda dogo ya ƙare. Daga mu ba sauran ƙarfe, sai gonakin dawa. Kowace shekara ana ba shi takardar shiga jirgi shi da iyalinsa, kowace shekara kuma takardar takan tsufa a cikin akwati ba a taɓa ta ba. In ya samu hutu ƙauyenmu yake zuwa, can gaba da Zurmi wajen Gurbin Bore, inda mahaifiyarsa take zaune.

Kaka doguwar mace ce marar yawan magana. 'Ya'yanta maza biyu ne, babanmu ne ƙarami. Babban, wato baffana, ya bi fataken goro zuwa Kumasi tun babanmu bai yi aure ba. Da fari yakan aiko da turmin atamfa da goro. Daga baya sai wasiƙa shekara-shekara. Daga baya sai gaisuwa a bakin matafiya, ita ma jefi-jefi. Ban taɓa jin Kaka ta kama sunansa ba. Ɗan fari ne, kuma matan zamaninsu, balle irin Kaka da ta tashi cikin Fulani, ba su kiran sunan ɗan fari, ba su yi masa magana kai tsaye, ba su ma ɗaga ido su dube shi gaban mutane. In ta kama dole, “wancan” take cewa, ta nuna kudu da haɓa.

A shekarar, bayan an gama ɗaurin gero, zazzaɓi ya kwantar da ita har aka fara kiran dangi. Allah ya tashe ta. Ranar da ta fara fitowa ta sha hantsi, babanmu yana tsugune gabanta, sai ta ce, “Takardar ga taka ta jirgi, har ina take kai mutum?”

“Har Ikko, Inna.”

“Daga can hwa?”

“Sai mota.”

“To ka kai ni in ga wancan tun ina da sauran gani.”

Babanmu bai yi gardama ba. Ya nemi hutunsa na sati biyu ya faɗo daidai da hutun Kirsimeti na makaranta. Innarmu tana da ɗanyen goyo, ga shi dole a samu mace da za ta riƙa raka Kaka bayan gida, ni kuma na iya karanta allon hanya. Haka aka yi na shiga cikin tafiyar. Babanmu ya ce wa abokan aikinsa yawon buɗe ido za shi ƙasar waje, suka yi ta dariya. Ni kuwa ban bar gida ɗaya a unguwarmu ba sai da na je na faɗa.

Kafin mu tashi Kaka ta sa aka kai ta kasuwar Shinkafi. Ta sayi farar shadda, ta tsayar da babanmu gaban tela, ta ce a gwada shi amma a ƙara a kafaɗa da tsawo, don wancan ya fi shi jiki. Aka ɗinka kaftani da wando. Ta ƙulla kuka da daddawa, ta cika kwalba da man shanu, ta auni geron bana daga gonar mijinta marigayi ta zuba a ƙaramin buhu. Babanmu ya ce akwai gero a can. Ta ɗaure bakin buhunta.

Murnata ba ta wuce Funtuwa ba. Daga Kaura zuwa Gusau ina maƙale da taga, ina ɗaga wa masu kiwo hannu, ina ƙirga rumbuna. Daga nan benci ya fara cin ƙashina. A Zariya muka sauka muka wuni a tasha muna jiran jirgin Ikko, da ya iso kuma ya riga ya cika tun daga Kano. Ban taɓa sanin mutanen kudu suna da yawa haka a ƙasarmu ba, kuma dukansu a sati ɗaya suke son zuwa gida. Ta taga ake miƙa yara. Ta taga ake cusa buhunan wake da albasa da busasshen kifi. Wani abokin aikin babanmu ne ya tare ƙofa da jikinsa har Kaka ta hau.

Kujerar mutum uku muka zauna mu biyar. Kusa da Kaka wata mata ce mai jiki, 'yar kasuwa da ta daɗe a Gusau, Hausa a bakinta kamar tamu. Nata ne zakaran da ke ƙarƙashin kujera, za ta kai wa surukarta. Ba shi da lokaci, ko azahar ko la'asar cara yake, in ya gaji ya miƙo baki ta ramin kwando ya tsattsage ni a dunduniya. Taragon yana warin kifi da zufa da ɓawon lemo. Can gaba wasu samari suna waƙoƙin coci, ɗaya yana buga kwalba da cokali, in suka gaji wasu su karɓa. Matar ta ɓare lemo ta ba ni, ta miƙa wa Kaka, ita kuwa ta ce ta gode. Kaka ta ƙi cin komai sai goro da kurɓin ruwa, don ta ga yadda ake taka mutane kafin a kai ƙofar bayan gida. A zaune take sallarta. Kafin mu kai babbar gadar Kwara ƙafafunta sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga.

“Mama, ina za ki da wannan wahala haka?” in ji matar.

“Zan duba wani yaro.”

“Ɗanki ne?”

Kaka ta juya ta dubi taga. Babanmu ne ya amsa, ya ce yayansa ne. Matar ta gyaɗa kai, ta zauna da mu ta san abin. Ta sunkuya ta ja kwandon zakaranta gefe, ta ɗago ƙafafun Kaka ta ɗora bisa ƙunshin kayanta. Haka suka tafi har inda ta sauka.

Na ga ƙasa tana sauyawa, wannan kam ba zan ce ban gani ba. Kukoki suka ɓace, karan dawa ya ɓace, itatuwa suka yi duhu suka matso har suna shafar tarago. Sanyin da muka baro a gida ya koma wani zafi mai danshi da ke manna riga a baya. Amma a lokacin ba abin da nake so kamar in miƙe ƙafata.

Daga Ikko sai mota. Iyaka uku muka tsallaka, kuma a kowace sai an sauka, a sauke kaya, a taka da ƙafa a bi layi cikin rana. Kaka tana dafe da kafaɗata, takalmanta a hannuna. A iyaka ta biyu wani mai kaki ya kwance ƙullin daddawa, ya toshe hanci, ya kira ɗan'uwansa suna dariya da Faransanci. Kaka ba ta kula ba. Da ya jawo kaftanin nan ya fara warware shi, sai na ji muryarta ta tashi yadda ban taɓa ji ba. “Kai yaro, hannunka da maiƙo!” Bai ji Hausa ba, amma ya ji. Ya ninke ya mayar.

A tsakanin iyakokin nan hanya ta bi bakin teku. Babanmu ya taɓa ta, ya ce, “Inna, ga teku.” Ta ce ta gani, idonta a rufe. Ni na gan shi ta saman kafaɗar wani mutum, ruwa toka-toka ba iyaka, yana ɓullowa tsakanin itatuwan kwakwa yana ɓacewa. Wannan shi ne yawon buɗe idona.

Babanmu ma ya samu nasa. A Ankara, babban birnin ƙasar da Kumasi take, ya ce ba zai shiga mota zuwa Kumasi ba alhali akwai jirgi, sai ya ga dogon wasu. Kafin jirgin ya tashi ya sauka gefen layi, ya tsuguna, ya shafa ƙarfen, ya ƙwanƙwasa ƙusa da ƙashin yatsa yana saurare. Ya dawo fuskarsa a sake, ya ce mini, “Irin namu ne sak. Amma akwai wadda ta saki, da ina da guduma da na ɗaure masu.” A duk tafiyar nan, a nan kaɗai na ga ya yi kama da mai hutu.

Kwana biyar da barinmu Kaura muka shiga Kumasi, ranar Kirsimeti da hantsi. Kantuna a rufe. Ƙararrawa tana tashi ta ko'ina, mata sun sha fararen kaya, yara suna busa ƙaho na roba suna harba abin wasa mai ƙara. Mu kuma ga mu, mutum uku da datti da buhun gero, muna tambayar hanyar zango, unguwar Hausawa. A can rayuwa tana tafiya kamar kullum. Babanmu ya yi ta faɗin sunan yayansa ba wanda ya gane, sai da ya ce mutumin Zamfara ne, wani dattijo ya ce, “Au, Bazamfare kuke nema,” ya tashi da kansa ya yi mana jagora.

A raina baffa attajiri ne. Haka ake faɗa a ƙauye, haka na faɗa wa ƙawayena. Dattijon ya shigar da mu wani fili a bayan rumfunan goro, inda mutane suke zaune a ƙasa suna tsince goro, suna yayyafa masa ruwa, suna jera shi cikin ganye don masu kaya. Ya nuna wani siriri mai furfura, riga 'yar shara a jikinsa, yana tari. Mutumin ya dubi babanmu bai gane shi ba. Sai idonsa ya wuce ya sauka kan wadda ke bayansa. Goron da ke hannunsa ya zube. Ya taso, bai kai gare ta ba ya durƙusa cikin jiƙaƙƙen ganye.

Kaka ta ja mayafi, ta juya fuskarta ga bango. Ta ce mini, “Ke, gaishe da baffanki. Ki ce mai mun iso lahiya.”

Wallahi haushi ne ya kama ni. Kwana biyar, ƙafa kamar turmi, kuma abin da za ta ce ke nan.

Kwana uku muka yi, don hutun babanmu ba zai kai fiye da haka ba. Ɗaki ɗaya ne da baffa a wani gidan haya mai mutane da yawa. Matarsa, mutuniyar arewacin ƙasar, Hausarta wata iri mai daɗi, ta kwashe 'ya'yanta uku suka koma ɗakin maƙwabta, ta bar wa Kaka gado. Baffa ya bar aiki, yakan zo ya zauna a bakin ƙofa daga waje. Kaka tana ciki bisa tabarma. Tsakaninsu bai fi taku biyu ba, ni ce a tsakiya.

“Ki tambaye shi tarin ga tun yaushe.”

Sai in juya in tambaya, shi kuma yana ji da kunnensa.

“Ki ce mata ya yi sauƙi.”

Sai in juya in faɗa. Haka muke wuni. Wa ya rasu a ƙauye, wa ya haihu, rijiyar bakin masallaci ta ƙafe ko tana nan. Jirgi bai gajiyar da ni ba kamar yadda ɗaukar maganar nan ta gajiyar da ni. Ba ni da damar zuwa wasa da 'ya'yan baffa, don in na tashi, shiru ne zai zauna a wurina.

Da baffa ya sa kaftanin, sai ya ɓace a ciki. Kafaɗa ta zubo har damtse, hannun rigar ya rufe yatsunsa. 'Ya'yansa suka fashe da dariya, shi ma ya taya su har tari ya sarƙe shi. Kaka tana kallon tabarma. Ta ce telan ne bai iya aiki ba. Ta karɓi allura wurin matar baffa, ta tsinke zare ta ba ni, ta ce in je in gwado kafaɗarsa. Na gwada, na ƙulla alama, na kawo. Ta daɗe tana riƙe da zaren nan tsakanin yatsunta tana duban ɗan tsawonsa. Sannan ta jawo rigar, ta wuni tana farkewa tana ragewa, idonta dab da allura.

Rana ta biyu ta sa aka kai geron niƙa, ta karɓi murhun matar baffa, ta tuƙa tuwo da kanta, miyar kuka da man shanu. Baffa ya ɗauki kwanonsa ya juya mana baya ya ci. Ya daɗe bai juyo ba. Da ya wanke hannu, Kaka ta ce, “Ki ce mai gonar ubanshi tana nan. Ki ce mai na hana a raba.”

Na faɗa. Baffa ya murza hularsa.

“Ki ce mata in Allah ya yarda, bayan salla.”

“Ki tambaye shi wace sallar.”

Na juya zan tambaya, babanmu ya ce, “Ke, ya isa haka.”

Da la'asar ina wanke kwanuka a bakin famfo na ji su su biyu a bayan katanga. Baffa yana cewa, “Da mi zan koma? Kowa can ya san ni da atamhwa da goro. In tahi da ɗiya ukku da tari?” Babanmu ya ce, “Yaya, ba atamhwa ta zo nema ba.” Ban ji amsar ba.

Da safen komawarmu baffa ya rako mu tashar mota, sanye da kaftanin, yanzu ya zauna masa daidai. Shi ya ɗauko kayanmu a ka, da ɗan kwandon goro da ya tsince da hannunsa. Aka ba Kaka gefen taga, ni ina kusa da ita. Baffa ya tsaya a waje, hannuwansa a baya kamar ɗan makaranta. Direba ya ta da mota. Kaka ta taɓa gwiwata ta ce, “Ki ce mai…” Na jira. Ba ta ƙarasa ba.

Sai ta juya gaba ɗaya ta dube shi, ido cikin ido, gaban 'yan kamasho da masu tallar burodi. Ta fitar da hannu ta taga ta kama gefen fuskarsa. Ta kira sunansa. Ba zan rubuta shi a nan ba, ita ma sau ɗayan nan ta faɗa. Ta ce, “Ka nemi maganin tarin ga. Ka ji ko?”

Ya ce, “To, Inna.”

Mota ta ja. Babanmu ya sunkuyar da kai yana duban gwiwoyinsa. Kaka ta mayar da hannunta cikin mayafi.

Jirgin komowa kusan wayam yake, masu bikin ba su fara dawowa ba. Kowannenmu ya samu benci guda. Kaka ta miƙe ta yi ta barci, sai salla ke ta da ita. Da muka iso Kaura ƙawayena suka kewaye ni suna tambayar abin da na gani a ƙasar waje. Na ce teku. Suka ce baffan naki fa, na ce yana nan lafiya, yana harkar goro. Sati guda na yi ina jin ƙasa tana rangaji a ƙarƙashina.

Baffa bai zo bayan salla ba, ko ƙarama ko babba. Damina biyu bayan haka wani bafatake ya kawo labarin rasuwarsa. Ina ƙauye ranar. Kaka ta yi salati, ta ce Allah ya jiƙan musulmi, ta shiga ɗaki. Bayan kwana bakwai ta kira babanmu ta ce a raba gonar, a fitar da rabon 'ya'yan wancan a riƙa noma masu. Ta ƙara shekaru masu dama a duniya, kuma ko sau ɗaya ba ta taɓa ta da zancen tafiyar nan da ni ba.

Yau rabon nasu yana nan, namu ma yana nan, duk ciyawa ta cinye. An yi shekaru ba wanda ya isa ya kai garma wajen saboda 'yan bindiga, mutanen ƙauyen sun watse, wasu Zurmi, wasu nan Kaura a gidajen dangi. Jirgi ya daina zuwa. Awaki ke kwana a inda babanmu yake tsugunawa da gudumarsa. Babbar 'yar baffa ta samo lambata, duk ƙarshen shekara takan kira ta ce yara sun yi hutu, in zo in ga gari. Nakan ce mata gwiwa ta hana.

Ni ma ina da ɗan fari, yana aiki a Kaduna. Sunansa nake kira tsaf, in yi masa faɗa, in yi masa wasa, har hotonsa nake gani yana motsi a waya. Shekara biyu ke nan rabon da in taɓa shi. Shekaranjiya ya kira, ya ce ofis za su rufe na sati guda, yana so ya kawo mini yaran su kwana biyu. Na tambaye shi ta wace hanya. Ya faɗa. Na tuna abin da aka ce ya faru a hanyar nan cikin watan jiya.

Na ce, “Ka bari tukuna. Kada ka zo.”

Ya ce, “To, Inna.”